Mai Riƙon Makullin Tanki

A gaɓar Betio muna jiran jirgin ruwan Maiana, wata tsohuwa ta dubi kwaɗon da ke hannun wani saurayi.

"Wannan ƙaton kwaɗo fa, ɗana?"

"Na tankin ruwan sama ne, Iya. Rijiyoyin ƙauye sun yi gishiri, dattawa suka ce ni zan riƙa rabon ruwa."

"Amma harshenka ba na Maiana ba ne."

"Koyarwa aka turo ni daga kudu. Sun ce gaskiyata suka gani."

"Masu gaskiya ai suna da su a gida. Wanda ya riƙe kafin kai fa?"

"Gwaggonsa ta yi masa bubuti, roƙon nan na dangi, ya buɗe mata. Sai kawunsa. Kin san ba a ce wa roƙon dangi a'a."

"To ka gani. Kai ba ka da kowa a can da zai roƙe ka."

Ya jujjuya kwaɗon a hannu.

"Iya, 'yar ƙauyen zan aura watan gobe."

"Allah ya sa alheri. Sai ka gaya wa dattawa su nemi wani baƙon, ko su koyi cewa a'a da bakinsu."