Sanyin da Ba na Ruwan Randa Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Doya nake sayarwa a kasuwar Lafiya.

Na daɗe ina ciwon mara. Aka ce sanyi ne, uwar mijina ta hana ni ruwan randa. Da aka gwada ni a asibiti, likita ta ce kilamidiya ce, wajen saduwa ake ɗaukarta, tana hana haihuwa, kuma dole maigida ma ya sha magani.

Na koma gida na faɗa masa. Ya ce, "Ni ba na jin komai." Na ce haka take ɓuya. Bai tambayi wa ya kawo ta ba, sai ya ɗauko makullin babur muka tafi asibiti.

Shi kaɗai ne namiji a layin mata, ko a jikinsa. Mun shanye maganinmu, mun warke.

A gaishe min da maigidana Baban Ladi. Irinsa nawa ne a Lafiya?