Ledar Kamfani

A wurin wankin babura na bakin tashar Konni, wani dattijo ya tsaya kan wani mutum da ke goge babur naɗe cikin kwali da leda.

"Malam, ledar kake gogewa ko babur ɗin?"

"Ledar kamfani ce, Baba. Shekara huɗu ban cire ta ba. Duk garinmu Bazaga sabo ake ce mishi."

"Ga tsatsa tana leƙowa. Ruwa ya kwanta ciki, kware shi ya sha iska."

"In koma mai tsohon babur? Surukaina za ni gaisarwa yau."

"To wane launi ne?"

Mutumin ya dakata da tsumma a hannu.

"Ja ne, in ji wanda ya sayar mini."

"Ko ƙarya ya yi maka, tsatsa ta gaskata shi."