Jarida Ta Kai Yangzom Lhasa

A tashar motar Boudha, cikin Kathmandu babban birnin Nepal, wani saurayi ɗan Sin ya baje jaridar Turawa yana huci. Tsohuwa Yangzom, 'yar Tibet mai gudun hijira, ta leƙo hoton da ke ciki.

"Inna, dubi ƙarya," in ji shi. "Wai sojan Sin ke jan mace a Lhasa, can Tibet. Kayan 'yan sandan Nepal ne fa."

"Gaskiyarka, ɗana. Ai ni ce! Can bayan kasuwa suka ja ni, ranar zanga-zanga."

"Yawwa, faɗa wa duniya in ɗauka a waya."

"Tsaya tukuna. Lhasa suka rubuta? Nuna mini wurin."

Ya nuna. Ta shafa da yatsa tana dariya.

"A goye uwata ta fito da ni daga Lhasa. Na nemi izinin komawa har na gaji, mutanenku sun hana. Yau ga jarida ta kai ni gida kyauta."

"Amma ƙarya ce, Inna."

"Ƙarya ce. Kunna, zan faɗa. Zan kuma faɗi abin da ya hana ni komawa. Za ka bar wannan a ciki?"

Bai kunna ba. Ta naɗe jaridar ta cusa a riga.