Layin da Ya Ƙi Juyuwa

Aikin farko yau: karanta muku rahoton lissafi.

Shugaba Mzee Obura, uwar ƙungiya Mama Akoth, iyayena da 'yan'uwana masu sayar da kifi a bakin tafki, ina gaishe ku. Na gode da kuka bar teburanku, na gode da amanar da kuka ɗora mini.

Na farko. Kun sa ni kwashe lissafinmu daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa. Fayil ne layi-layi: kwanan wata, suna, kuɗi, waƙafi na raba su. Da na duba, sai ga Anyango, wadda muka binne a watan huɗu, tana ta zubi har watan tara. Na nuna wa Mama Akoth, ta ce, "Ouma, goge tabaranka. Matar da tana raye ma sai an bi ta da sanda take biya?"

Na biyu. Ruwa ba ya tsami banza. Tsohuwar manhaja rana take sawa gaba, sabuwar kuwa wata take fara karantawa. Tara ga watan biyu ya zama biyu ga watan tara. Na juya su ɗaya bayan ɗaya, suka koma lokacin da take da rai.

Na uku. Dokarmu ta ce marayan wanda ya cika zubi kaɗai muke biya wa makaranta, Anyango kuwa ta rasu saura zubi ɗaya. To, layi ɗaya ya ƙi juyuwa: bakwai ga watan bakwai. Ko ta gaba ko ta baya, duk ɗaya ne. Shilin ɗari biyar, daga lambar wayarta. Ni mai yawan kuskure ne, shi ya sa na karɓo fayil na banki. Layin yana nan. Na tambayi 'yarta Awuor wa ke riƙe da wayar. Ta ce, "Baba, a aljihun rigarta muka sa mata, da ita aka binne ta. Ka san ba ta rabuwa da ita."

In kun goge layin, Awuor ta bar makaranta. In kun bar shi, ban san wanda zan rubuta wa rasit ba. Hukunci naku ne.

Abin da ya rage mini gobe:
gyara tsarin kwanan wata;
adana kwafin tsohon fayil;
kiran lambar nan. Ina roƙon wani ya zauna kusa da ni.

Allah ya albarkaci taronmu, ya raya marayunmu, ya kwantar da waɗanda suka riga mu.

Na gode.