Layin Wayar da Na Ɓoye Cikin Gwangwani

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Ƙarfe goma da rabi na safiyar wata Talata, muna zaune mu uku a wani banki a Kaduna: ni Saratu, mai aikin share-share a ƙaramin asibiti a nan Birnin Gwari, da mijina Bitrus, da ma'aikaciyar da ke duba takardun lamunin gina gida. Ta daɗe tana kallon kwamfuta, sannan ta ɗago.

"Mama, ba zai yiwu ba. Sunanki na cikin waɗanda suka ci bashi ba su biya ba."

"Sake dubawa, 'yata," na ce. "Saratu na da yawa."

"Saratu na da yawa, Mama, amma lambar bankinki ke kaɗai ke da ita."

Ni! Ni da ko gishirin maƙwabciya na ara sai na mayar kafin rana ta faɗi! Bitrus ya taɓa hannuna ya ce, "Maman Dauda, yi a hankali." Ban yi a hankali ba.

Bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari a hargitse.

Na farko, dalilin zuwanmu. Tun da gonarmu ta wajen dajin Kamuku ta gagari shiga saboda 'yan bindiga, muke haya ɗaki guda, mu da yara huɗu. Mai gidan, Alhaji, mutumin kirki ne, amma danginsa ma sun gudo daga ƙauye. Ya kira Bitrus ya ce, "Baban Dauda, ba korarku nake ba, amma bayan girbi ina bukatar ɗakin." Fili muna da shi. Kuɗin gini ne babu.

Na biyu, inda bashin ya fito. Shekarun baya na karɓi rancen taki, ana cira daga albashina. Sai aka mayar da albashinmu wani banki, cirar ƙarshe ba ta shiga ba. Ni kuwa na ɗauka an gama.

Na uku, abin da ya sa ban sani ba. Kun tuna lokacin da aka sako 'yar'uwarmu ɗaya daga daji, ta gaya mana a zumuntar mata cewa waya masu garkuwa da mutane suke fara karɓa, su duba saƙon banki, su yanka wa mutum farashi daidai da abin da suka gani? A ranar na cire layin da banki ke turo mini saƙo, na naɗe shi a leda, na jefa cikin gwangwanin maɓallai. Albashi na shiga kuwa, sai in je wajen mai POS in kwashe shi tas. Har na riƙa koya wa wasu matan su yi haka. Ina ganin dabara na yi.

Ashe banki na ta aika mini tuni, gwangwani na karɓa. Ɗan abin da ya rage na bashin ya tara kuɗin ruwa, aka kai sunana wurin da bankuna ke tara tarihin masu bashi. Ma'aikaciyar ta ƙara da cewa, "Ko ba wannan, Mama, asusunki kullum wayam yake. Da me za mu san za ki iya biya?"

Na ce, "'Yata, kin taɓa bin hanyar Birnin Gwari?"

Ta mayar da ido kan kwamfuta. Amma tambayata ba ta gyara abin da ke ciki ba.

Na dawo gida raina a ɓace. Ba zan ɓoye muku ba, har da Ubangiji na yi fushi. Ranar addu'ar mata na durƙusa, ba roƙo nake ba, ƙara nake kaiwa. Na ce, "Ya Uba, in na bar kuɗi a asusu, na daji su gani. In na kwashe, na banki su ce ba ni da komai. Ina kake so in tsaya?" Na yi kuka har ɗankwalina ya faɗi. A nan ne zuciyata ta nuna mini abin da ban so gani ba: shekara da shekaru tsoro ne ke riƙe mini lissafi, ina kiransa tsari.

Da muka tashi, Maman Fasto ta ja ni gefe. "Saratu, ke da ba ki yarda a jera kujeru a karkace, kika jefa banki cikin maɓallai? Sa layin a tsohuwar waya, ki bar ta a gida in za ki yi tafiya. Shi ke nan fa."

Na ji kunya, na kuma ji haushi, don gaskiya ta faɗa.

To, ga abin da ya biyo baya. Layin ya riga ya mutu, sai da na sake rajista. Na sayar da akuyata na biya ragowar bashin da ruwansa. Na karɓi takardar shaidar na biya. Na koma Kaduna, aka ce sunan bai goge ba tukuna, in dawo. Na dawo, aka ce mai sa hannu ya tafi hutu. Kowace tafiya sai na yi sallama da yarana kamar ba zan dawo ba, don kawai a ce mini "ki dawo"! Na daina kwashe albashi. Kuɗin daddawar da nake sayarwa ma ta asusu yake bi. Girbi ya zo ya wuce, muna nan. Alhaji ya zuba kayan danginsa a zaure, bai ce mana uffan ba. Wannan shirun nasa ya fi mini zagi ciwo.

Sai ga saƙo a tsohuwar wayar nan: an amince da lamunin. Haleluya! Ba duka abin da na nema aka ba ni ba. Ɗaki huɗu na zana, biyu za a iya yi. Har yau in na tuna watannin da gwangwani ya cinye mini, raina yakan sosu. Amma an ɗora kwano, na kuma miƙa wa Alhaji mabuɗinsa da hannuna. Na gode wa Ubangiji da ya wanke sunana. Ku dogara gare shi, ya isa.

Yanzu ga roƙona. Ku matan da na koya wa cire layi, na san ku, kun san kanku. Kowacce ta buɗe gwangwaninta a wannan makon, ta je ta tambayi yadda sunanta yake a banki. Wadda ke tsoron hanya ta same ni bayan sujada, mu yi addu'a, in raka ta.