Kwamfutar Yaya Uzairu

A tashar Sinnar, ƙasar Sudan, ana jiran motar Damazin, Ustaz Abdussalami mai koyar da kwamfuta ya leƙa na'urar da wata budurwa ta buɗe a cinyarta.

"Baiwar Allah, wace manhaja ke tafiyar da ita? Ban san wagga ba."

"Ta Yaya Uzairu ce, Ustaz. Shi ya rubuta ta tun daga tushe."

"Wahalar mi? Ga buɗaɗɗun manhajoji kyauta, sai ya ɗora nashi bisa."

"Cewa ya yi ranar da mutanen waje suka rufe muna ƙofa, namu kaɗai za ya rage."

"Ba a rufe wagga ƙofa, ɗiyata. Hannu dubu ke riƙe da ita. Shi kuwa shi kaɗai ne. In ya faɗi, wa za ya ɗauka?"



"Ya faɗi, Ustaz. A Madani, lokacin yaƙi. Duk wanda na nuna wa, sai ya ce bai gane rubutun manhajar ba."

Kwandasta na ta kiran Damazin, Ustaz bai motsa ba.

"Allah ya jiƙan shi," in ji shi, yana laluben tabarau. "Matso da ita, nuna mini inda ya tsaya."