Kan Injin da Ya Huje

Shekara arba'in ina kanikanci a birnin Surabaya, ina faɗaɗa hanyoyin iska na cikin kan injin mota. Ban shiga aji ba, amma masu digiri nawa suka rufe shago ina nan! Rannan a rumfar kofi, wani saurayi ya dire kan inji kusa da wani direba. Na gane aikina.

"Mas, wa ya yi maka wannan ɓarna?" in ji direban, da kiran da ake yi wa samari a nan. "Ya goge har ya huda hanyar ruwa!"

"Motar babana ce, Pak," in ji saurayin, da kiran da ake girmama manya da shi. " Na ce mu sayi sabo, ya ce hannun tsohon bakanikensa ya fi na kamfani."

"Faɗi sunansa, mu gargaɗi mutane."

"A'a, Pak. Baba ya ce a rufa wa tsohon asiri. Idonsa ne ya tafi, shi kaɗai bai sani ba."